Bin Mutumin Ƙarshe a Tseren Jibiya

Tun da na dawo daga Jibiya ban huta da tambaya ba. A wurin aiki a tambaye ni, a masallaci a tambaye ni, a majalisarmu ta Fagge kuwa kullum sai an sami wanda bai zo da wuri ba ya ce in sake daga farko. Wasu sun ji an ce an kulle ni a Nijar, wasu sun ji an ce na ci tsere, har akwai wanda ya zo yi mini jaje wai na karye. Babu wanda ya faɗi daidai. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin yadda ya faru, ko da yake ni kaina akwai wuraren da har yau ban gama gane su ba.

Ni malamin asibiti ne, aikina ba da magani da ɗaurin ciwo. Shekarar da kuɗin fetur suka fara shigowa aka yi mana ƙarin albashi, na sayi babur kamar kowa. Daga ranar ban ƙara taka ƙasa ba, ko goro zan saya a bakin titi sai na hau. Kafin shekara biyu tumbi ya fito, numfashi ya ragu, likitan da nake aiki a ƙarƙashinsa ya auna jinina ya ce in ban koma tafiyar ƙafa ba, ni da nake ba mutane magani zan riga su kwanciya.

Maƙwabcina Sajan Mati ne ya ɗauke ni. Tsohon soja ne, mutumin Jibiya, yana gadi a wata masaƙa a Bompai. Ya dawo daga yaƙi da tabon harsashi a gwiwar hagu, amma bai taɓa yarda a ce yana ɗingishi ba. Ya ce tafiya hannu sake yawo ne kawai. Ya ba ni tsohuwar jakar soja ya cika ta da yashi, kullum bayan sallar asuba mu goya mu hau Goron Dutse mu sauko. Ran Asabar mu ajiye jakunkuna mu yi gudu a hanyoyin gonaki ta wajen Fanisau. Da farko mutanen unguwa sun ɗauka wani laifi na yi ake hora ni. A hankali tumbin ya sauka, har na shiga tsere sau biyu a filin wata makaranta, na zo na biyu daga baya.

Da kaka ta yi, Saja ya zo da takarda daga garinsu. Malaman makarantun Jibiya da na ƙetaren iyaka sun haɗa tseren zumunci, rukuni biyu, masu gudu hannu sake da masu tafiya da kaya a baya. Shi zai shiga na masu kaya. Ni kuma ya ce kada in shiga, suna neman mai taimako wanda ya san ɗaurin ciwo, ya riga ya ba da sunana.

Mun tashi ran Juma'a da safe a wata fijo da aka cusa mu tara a ciki. Direban ya ƙi sa jakunkunanmu a but sai ya ga abin da ke ciki. Da ya gani ya dube mu, ya ce ko ba a gaya mana akwai yashi a Jibiya ba. Taya ta fashe mana bayan Bichi, muka yi sallar Juma'a a Kankiya, muka ci shinkafa da wake a tashar Katsina. Daga nan muka hau a-kori-kura tare da buhunan siminti da wani mutum rungume da sabuwar rediyo, bai kashe ta ba har muka isa.

An sauke mu a ajin wata firamare. An ture bencina gefe an shimfiɗa tabarmi, mu wajen talatin, rabi 'yan Nijar. Hausa ɗaya muke yi da su, amma sai na kasa kunne sosai. Shugabansu wani dogon malamin makaranta ne daga wajen Maraɗi, Mushe Lawali, Mushe kuwa shi ne Malam a wurinsu. Da aka gabatar da ni ya kama hannuna ya ce ga lokotoro ya zo. Na ji kalmar ta yi mini nauyi a kunne, na dubi Saja in ga ko zagi ne. Ashe likita yake nufi. Da safe mu muka nemi koko da ƙosai, su kuma suka fito da wani burodi dogo kamar sanda, mai tauri, suna tsoma shi a kofi da madara. Shayinsu a ɗan kofin gilashi ake sha, baƙi ƙirin, sau uku a jere, kuma in ka sha na farko ka tashi an ce ka yi rashin ladabi. Na sha duka ukun.

Ran Asabar aka yi shiri, nan ne kaina ya fara juyawa. Na tambayi tsawon hanyar, hedimastan Jibiya ya ce goma sha biyu, Mushe Lawali ya ce goma sha biyar. Da aka bincika, hedimasta ɓangarenmu kawai ya auna kuma da mil, Mushe ya auna nasu ɓangaren da kilomita, babu wanda ya haɗa. Aka ɗauko alli aka hau allo, malamai huɗu suka fitar da amsa huɗu. Nauyin kaya ma haka, mu fam muka sani, su kilo. A ƙarshe aka aro sikelin awon gyaɗa, aka ɗora jakar Saja, aka ce kowa ya daidaita tasa da ita.

Da la'asar aka kwashi jakunkunan zuwa shingen iyaka a Magama don kwastan su duba tun da wuri, kada a tsayar da mutane ana cikin tsere. Babban jami'in ya saurari bayani har ƙarshe, ya ce ya gane, sannan ya sa aka soki kowace jaka da ƙarfen da ake soka buhun hatsi. Yashi ya yi ta zuba. Muka ƙetara wajen 'yan duwan, wato kwastan na Nijar, su ba su soka ba, amma sun ce sai an rubuta abin da ke cikin kowace jaka a takarda da Faransanci. Mushe ya zauna ya rubuta yashi sau goma sha takwas. Muka dawo muka hau ɗinkin jakunkuna da allura.

Aikina kuwa, Mushe ya bayyana mini shi sau biyu. Ni ne zan tashi bayan kowa. In bi mutumin ƙarshe, kada in wuce shi, kada in bar shi, ko da kwanciya ya yi. An shafa farar ƙasa a jikin itatuwa don nuna hanya, in wani ya kauce in busa masa usur. 'Yan tsere an san su da lamba, an yayyanka buhun fulawa an rubuta da shuni an ɗinka a bayan riga. Jakata aka zubar da yashin aka cika ta da kwalaben ruwa da bandeji da aidin da gishiri da sukari, ta fi da nauyi. Saja ya ara mini rigarsa ta kaki da hula mai baki saboda rana. Ya ce in na iso zan tarar ya yi wanka ya ci abinci.

Ranar tseren ta faɗo ranar kasuwa, abin da babu wanda ya yi tunaninsa. Aka busa, masu gudu suka tashi, masu kaya suka bi, ni na bi bayansu, muka kutsa cikin jakuna da amalanke da mata masu ƙwaryar nono. Kafin mu fita gari na daina gane wa ke tsere, wa ke cin kasuwa. Daga Magama hanya ta bar titi ta shiga gonaki. An girbe gero, dawa tana tsaye ta fi mutum tsawo, ba ka ganin wanda ke gabanka sai ka zo kansa. Na ɗaure wa wani yatsa, na ba wasu biyu ruwa suka ce sun fasa, na nuna musu hanyar titi. Daga nan na yi tafiya mai nisa ban ga kowa ba. Na wuce wata babbar kuka, na sauka wani busasshen rafi, na hau.

A can gaba na hango shi. Dattijo ne siriri, da kaya a baya ɗaure da igiya, yana tafiya da sauri-sauri. Rigarsa ta buhu ce, a ƙasan kayan ina ganin lamba. Na ce alhamdu lillahi, ga mutumina. Na rage sauri na bi shi a baya, tazarar kamar jifa biyu. Na yi mamakin ban lura da shi a makaranta ba, amma na ce ai mutane da yawa ne.

Ya waiwayo ya gan ni. Na ɗaga masa hannu. Sai ya ƙara sauri. Na ji daɗi, na ce tsohon nan da zuciya yake. Da muka zo wata mararraba inda farar ƙasa ta nuna dama, sai ya yi hagu. Na busa usur. Maimakon ya tsaya, sai ya fara sassarfa. Na ɗaga murya na ce, Baba, ba nan ba ce hanya. Ya faɗa cikin dawa.

Na tsaya ina tunani. An ce kada in bar mutumin ƙarshe. A wurin aiki na sha ganin wanda rana ta buga ya rikice, a kira shi ya gudu. Na tabbata abin da ya sami dattijon nan ke nan, in na bar shi zai faɗi a daji ba mai gani. Na bi shi cikin dawar.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Ya fita daga dawa ya bi gefen kwazazzabo, ya ratsa ƙaya, ya koma rafi yana tafiya cikin yashi inda ƙafa ke nutsewa. Ni ina baya, kwalabe suna ƙara a jakata, in busa usur, in kira, in yi haki. In na matso ya ƙara, in na tsaya shan iska shi ma ya tsaya daga nesa yana kallona. Duk hawan Goron Dutse na shekara guda bai kai ni in kama tsohon da ya isa ya haife ni ba. Farar ƙasa kuwa na daɗe da daina ganinta. Gonakin ma sun canja, karan gero gajeru, tsirara, wasu ko kai ba su fitar ba. Na fara ganin ɗigon jini a sawunsa, hankalina ya ƙara tashi, na ƙara busa usur.

Rana ta take tsaka muka iso wani ƙauye, gidaje ba su fi goma ba. A ƙofar wani gida mai dangar kara ya tsaya. Ya kwance igiya, kayan ya faɗi, ya zauna a ƙasa kusa da shi. Na iso ina ciro kwalbar ruwa. Bai dube ni ba, ya ce:

"Ranka shi daɗe, ga shi nan, ɗauka. Amma ka bar mini ko tiya guda, akwai ɗiya cikin gida."

Na ce, "Baba, in ɗauki me?"

Ya kwance bakin buhun. Dawa ce.

Na zagaya na dubi bayan rigarsa. Buhu ne kam, irin na hatsin taimako da aka raba lokacin fari, da rubutun Turawa da lambarsa ta ainihi, matarsa ta ɗinka masa riga da shi. Na dubi kaina, kaki, hula mai baki, usur a wuya. Sai na zauna a ƙasa ni ma.

Sunansa Baba Nomau. Fari ya cinye masa shanu, bana ma gonar ba ta yi ba. Ya kai akuyarsa ta ƙarshe kasuwar Jibiya tun da sassafe, ya sayo dawa. Ya ji ana cewa an hana fita da hatsi, shi ya sa ya biyo ta gonaki, sai ga ma'aikaci a bayansa. Ya ce tun daga rafi ya so ya yar da buhun, amma ya kasa tunanin abin da zai ce in ya shiga gida.

Na yi ƙoƙarin yi masa bayani. Na ce tsere ake yi, mutane sun goya kaya suna zagayawa su koma inda suka tashi. Ya tambayi kayan mene ne, na ce yashi. Ya tambayi wa ya aike su, na ce babu. Ya tambayi ko gini ake yi a Jibiya. Na ce a'a, don lafiyar jiki ne. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce Allah shi ƙara lafiya. Na ga alama ya yanke cewa ba ni da haɗari, amma ba ni da cikakken hankali.

Ƙaya ta tsaga masa tafin ƙafa, tsaga mai zurfi. Na wanke, na zuba aidin, na naɗe, bai ko motsa ba. Matarsa ta miƙo fura ta bayan danga. Ruwa ya fi gero yawa a cikinta, na san kuma yaran gidan aka hana aka ba ni. Na so in ƙi, na ga ƙin ya fi muni, na shanye. Na bar musu sukari da gishirin da sauran bandeji. Muka yi azahar tare, ni da shi da wasu dattawa biyu da suka zo kallona.

Sai da na sallame abin ya faɗo mini. In wannan ba shi ne mutumin ƙarshe ba, to akwai mutumin ƙarshe a wani wuri, kuma ba kowa a bayansa.

Baba Nomau ya ɗauki sanda ya raka ni da ƙafarsa mai bandeji, duk da na hana shi. Ya bi da ni wata gajeriyar hanya har muka hango titin Maraɗi, ya ce shi nan ya tsaya. A titi wani jandarma, jami'in tsaron Nijar, ya tare ni yana tambayar takardu da Faransanci, ni kuwa takarduna suna aji cikin aljihun babbar riga. Ya koma Hausa, na ba shi labari, ya sa na maimaita, ya kira abokin aikinsa na sake maimaitawa. Ina cikin na ukun sai ga Mushe Lawali a kan ƙaramin babur ɗinsa, ya yi awa biyu yana nemana. Bai yi dariya ba. Ya ce in hau, Sajan Mati ya ji ciwo.

Masu yankan kara ne suka tsince shi a cikin kwazazzabo, nesa da hanyar tsere, idon sawunsa ya karye. Ya yi wajen awa uku a rana ba ruwa. Suka ɗora shi a amalanke suka kawo shi gari. Kafin in iso mai ɗori ya gama aikinsa, an kwantar da shi a zauren gidan yayarsa, ƙafar a ɗaure cikin kara. A makaranta kuwa ana ta rabon kyauta, ana gardamar ko wanda ya zo na ɗaya ya yanke hanya, tunda har lokacin ba a san tsawonta ba. Ban tsaya ba.

Na shiga zauren na gaishe shi, na kasa zama. Leɓensa ya tsattsage, idanunsa sun faɗa. Na ce, Saja, ka yafe mini, ruwanka da bandejinka suna bayana, na kai su wata ƙasa. Na ba shi labarin duka, daga rafi har fura. Ina jira ya yi faɗa ko ya yi dariya, bai yi ko ɗaya ba. Ya tambaya ko na wanke ciwon tsohon sosai kafin in naɗe, na ce na wanke. Ya tambaya ko dawar ta shiga gida, na ce ta shiga.

Na ce abin da ban gane ba shi ne yadda aka yi na wuce shi ban gan shi ba, da kuma abin da ya kai shi kwazazzabo alhali hanya tana dama.

Ya ce in zauna. Na zauna a bakin tabarma.

"Malam Habu, ka tuna wata babbar kuka kafin rafi?"

Na ce na tuna.

"Ina bayanta. Gwiwar ce ta ƙi tun daga Magama, kowa ya wuce ni. Da na ji ƙarar kwalabenka sai na shige bayan kukar. Ina kallonka ka wuce, ko tari na yi da ka ji. Ban so ka tarar ni ne na ƙarshe ba."

Ya ce da na yi nisa ya fito ya ci gaba da jan ƙafa, sai ya ji usur ɗina yana yin hagu, yana ƙara nisa. Ya san ban san dajin ba, ya san ba ni da takarda. Ya bar hanya ya bi sautin don ya komo da ni, gaɓar kwazazzabo ta zame da shi da jakar yashin a bayansa.

Daga cikin gida ana daka, yayarsa ta aiko da kunu ba wanda ya taɓa. Can ya gyara kwanciya, ya cije leɓe saboda zafin ƙafar, ya ce:

"Na san kai, in mun koma Kano za ka ba da labarin tsohon nan a yi ta dariya, ka ɗora wa kanka laifi duka. In za ka faɗa, ka faɗa da kukar."

Na ce to. Na ɗauko kunun na riƙe masa kai ya sha.